Yadda Ake Auna Sauyin Nauyin Mutum a Cikin Lifta

Tun ranar da na faɗa wa ɗalibaina cewa mutum zai iya hawa sikeli a cikin lifta ya ga kilo shida sun hau kansa cikin sakan ɗaya, sannan su sauka ba tare da ya ci ko ya sha komai ba, ban huta da tambaya ba. Har malamai 'yan'uwana sun shigo ciki. Wani ya ce ya gwada, sikelin ko gezau. Wani ya ce nasa ya motsa, amma lambobin sun ƙi ba da ma'ana: ana hawa sama nauyi yana raguwa, ana sauka yana ƙaruwa, kamar sikelin ya zare. Duka biyun na san inda ƙafarsu ta zame, domin tawa ma can ta zame a gwajin farko. To ga yadda ake yi, daga farko har ƙarshe.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu ɗauki kaya. Sikeli bai san yawan tsoka da ƙashin da ke jikinka ba. Abin da ya sani kawai shi ne ƙarfin da ƙafafunka ke danna shi. Wannan dannawar kuwa ba ruwanta da ko sama lifta ta nufa ko ƙasa, ba ruwanta da ko gudu take shararawa ko tafiyar hawainiya take yi. Tana canzawa ne a lokacin da gudun kansa ke sauyawa, wato wurin tashi da wurin tsayawa. Duk matakan da ke tafe hanya ce ta kama waɗannan 'yan sakan ɗin kafin su wuce.

Mataki na 1: Zaɓi sikelin da ya dace

A nan yawancin mutane ke faɗuwa tun ba su shiga lifta ba. Sikelin da kake buƙata shi ne na da, wanda ake takawa, mai allura da ke zagaya lambobi, wanda sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, ke aiki a cikinsa. Allurarsa tana bin duk wani sauyi nan take, kana kallo tana kaiwa tana komowa.

Sikelin zamani mai batir, wanda ke rubuta lamba a fuskarsa, shi ne ya kunyata ni a karon farko. Na hau, ya yi ƙyaf-ƙyaf ya tsaya a 70.2, lifta ta tashi, ta yi hawa bakwai, ta tsaya, shi kuwa yana nan a 70.2 ɗinsa kamar an dasa shi. Kafin mu dawo ƙasa ma ya kashe kansa. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi: ya jira lamba ta natsu, ya kulle ta, ya mutu don kada batir ya ƙare. Wannan hali da ke da amfani a ɗaki shi ne ke kashe gwajin a lifta.

Idan mai allura ya gagara, akwai mafita. Ƙaramin sikelin kicin mai batir, wanda ake auna kaya gram-gram, yawanci ba ya kulle lamba, yana ta nuna abin da ke kansa. Ba za ka hau shi ba, wani abu za ka ɗora mai nauyin kilo ɗaya ko biyu. Littattafai da aka ɗaure ko bulo sun fi robar ruwa, domin ruwa yana kaɗawa ya jirkita lambar. In kuma ruwan ne kaɗai ke gare ka, cika robar taf har baki ka rufe. Aibin wannan sikelin guda ne: yana ɗan jinkiri kafin ya sauya lamba, saboda haka ƙololuwar da zai nuna kan ɗan gaza ta gaskiya.

Hattara: kada ka ɗauko mizani mai faranti biyu, ko irin wanda ake tura dutsen awo a kan sanda har ta daidaita. Wannan ba zai nuna komai ba ko lifta ta fi kibiya gudu, domin duk ƙarin da ya hau kanka ya hau kan dutsen awon ma, sai su tashi kunnen doki. In kana da shi ka ajiye shi, zai yi mana amfani can gaba.

Sauran kayan ba su da yawa: waya mai ɗaukar bidiyo, takarda da biro, kalkuleta (ta cikin wayar ma ta isa), salatif, da abokin aiki guda ɗaya. Kusan duk abubuwa ne da ake da su ko ake arowa. In har za ka kashe kuɗi, sikelin mai allura ne kawai, shi ma yana cikin mafi arahar sikeli. Da za ka saya, duba wanda layukansa ke da tazara, kowane layi kilo ɗaya, lambobinsa manya.

Mataki na 2: Nemi lifta mai doguwar tafiya

Gini mai hawa biyar zuwa sama nake ba da shawara. Dalili shi ne lifta tana buƙatar fili kafin ta kai cikakken gudunta. Wadda ke yin mita 1.6 a sakan kan ci kusan mita 2 tana ɗaukar gudu, ta ci wasu 2 tana ragewa. Tsakanin hawa da hawa kuwa bai cika wuce mita 3 zuwa 4 ba. Ka ga in hawa ɗaya kawai ka yi, tana gama ƙara gudu za ta shiga ragewa, ba za ka taɓa ganin tsakiyar tafiya ba, alhali tsakiyar nan ita ce idon gwajin.

Nemi izinin masu kula da ginin, ka gaya musu abin da za ka yi da yawan lokacin da zai ci. Minti ashirin sun wadatar. Zaɓi lokacin da jama'a suka ragu, don kada a riƙa tsayar da ku a kowane hawa, kuma don kada ka tare wa mutane hanya.

Hattara: liftar da aka keɓe wa marasa lafiya ko ma'aikatan kashe gobara ba wurin gwaji ba ce. Kuma dubi farantin da ke jikin bango mai nuna iyakar kaya, misali kilo 630 ko mutum 8. In da ɗalibai ka zo, shigar da su uku-uku ko huɗu-huɗu, kada ka cusa aji guda.

Mataki na 3: Daidaita sikeli, ka ɗauki nauyin tsaye

Ajiye sikelin a tsakiyar daɓen lifta, inda ya fi tauri da daidaito. In akwai kafet mai laushi, sa faffaɗan katako a ƙarƙashi, domin laushi yana sa sikeli ya faɗi ƙarya. Kafin kowa ya hau, duba allura ko tana kan sifili. In ta kauce, akwai ɗan abin murzawa a gaba ko ƙarƙashin sikelin, murza shi har ta zauna. Mai amfani da sikelin kicin ya kunna shi ya danna maɓallin sifili tun lifta na tsaye.

Hattara: in ka daidaita sifili a daidai lokacin da lifta ke tashi ko tsayawa, duk lambobin da za su biyo baya sun gurɓace.

Yanzu wa zai hau? Wanda ya fi kowa nauyi a cikinku. Ba tsokana ba ce, lissafi ne. Sauyin da za a gani kaso ne na nauyin mutum, ba adadi ne guda ga kowa ba. Tashin da zai ƙara wa mai kilo 100 kusan kilo 8 da rabi, mai kilo 30 kilo 2 da rabi kawai zai ƙara masa. Kuskuren rabin kilo wajen karatun allura ba wani abu ba ne a cikin takwas, amma a cikin biyu da rabi ya ci kashi ɗaya bisa biyar na sakamakon.

Ya hau, lifta na tsaye, ƙofa a rufe. Rubuta abin da allura ta nuna. Wannan lamba ita ce uwar lissafinka, mu kira ta nauyin tsaye. Ba lallai ta zama daidai da nauyinsa na gaskiya ba. Ko sikelin yana ƙarin kilo ɗaya ko biyu, illar kaɗan ce, domin bambanci muke nema. A misalin da zan bi da shi har ƙarshe, a ɗauka ta nuna 70.

Mataki na 4: Gyara tsayuwa da kyamara

Wanda ke kan sikeli ya tsaya ƙiƙam: ƙafafu a ɗan ware, gwiwoyi a miƙe, hannuwa a gefe, kai a ɗage. Kada ya sunkuya yana leƙen allura, wannan aikin kyamara ne. Ka gwada tun lifta na tsaye ka gani: ka ce ya ɗan durƙusa ya miƙe da sauri, za ka ga allura ta yi tsalle fiye da duk abin da lifta za ta yi. Jiki kuwa ya saba lanƙwasa gwiwa da kansa idan ƙasa ta motsa, sai mutum ya yi niyyar hana shi.

Hattara: kada ya riƙe ƙarfen da ke jikin bango, kada ya jingina. Ko yatsa biyu ya ɗora, ƙarfen zai karɓi wani sashe na nauyin. Wanda jiri ke damunsa, ko dattijon da ba zai iya tsayuwa ba riƙo ba, kada a hau da shi. A yi da sikelin kicin da bulo. Jaka kuma a ajiye ta ƙasa, domin tana lilo.

Mai ɗaukar bidiyo ya tsuguna, ya saita waya sak a saman allura. In aka ɗauka daga gefe, allura kan bayyana a kan layin da ba nata ba, kilo guda ya salwanta a banza. Ya dafa gwiwar hannunsa a kan cinyarsa don kada hoton ya riƙa rawa. Aikinsa na biyu shi ne baki: ya riƙa faɗin abin da ke faruwa, "mun tashi", "hawa na uku", "hawa na huɗu", "mun tsaya", domin kyamara ba za ta iya kallon allura da allon lambar hawa a lokaci guda ba. Muryar nan za ta cece ka a mataki na 9.

Mataki na 5: Rubuta hasashenka, sannan ku hau

Kada ka tsallake wannan. Kafin a danna maɓalli, kowa ya rubuta abin da yake zaton allura za ta yi a wurare shida: tashi sama, tsakiyar hawa, tsayawa a sama, fara sauka, tsakiyar sauka, tsayawa a ƙasa. Kusan kowa abu ɗaya yake rubutawa, wai hawa nauyi ne, sauka sauƙi ne. Bar su da takardarsu.

Kunna bidiyo sakan uku kafin ƙofa ta rufe, danna hawa na ƙarshe, kowa ya natsu.

Ga abin da za ka gani. Lifta na tashi, allura za ta zabura ta haye 70, ta kai wajen 76, ta ɗan yi rawa a can na sakan ɗaya ko biyu. Daɓen yana tura mutum sama fiye da yadda duniya ke jan sa ƙasa, don dole ne ya ba shi gudun da bai da shi. Wannan ƙarin turin shi sikeli ke karantawa. Daga nan sai allura ta sauko ta zauna a 70 daram. Ku dubi allon lamba: uku, huɗu, biyar, ana ta keta benaye da cikakken gudu, ita kuwa allura tana nan kamar kuna tsaye a ɗaki. Wannan ne wurin da nake son ɗalibi ya zura ido, ya fi tsallen farko muhimmanci nesa ba kusa ba. Gab da isa sama kuma sai ta faɗo ƙasa da 70, zuwa wajen 64. Har yanzu sama kuke tafiya, amma mutum ya yi sauƙi, domin lifta na taka birki, jikinsa kuwa yana so ya ci gaba da tafiyarsa, sai dannawar da yake wa sikeli ta ragu. Da an tsaya cak, ta koma 70.

Hattara: kada kowa ya yi tsalle don ya ga abin da allura za ta yi, kuma kada a taɓa maɓallin tsayawar gaggawa. Girgiza mai ƙarfi na iya sa na'urar tsaro ta kama, ku maƙale tsakanin hawa biyu kuna jiran mai gyara. Kada kuma a tokare ƙofa da ƙafa ko da sikelin.

Mataki na 6: Ku sauko

Kada a sauka daga sikelin, kada a motsa shi. Sabon bidiyo, a danna hawa na ƙasa. Wannan karon abin zai juye: da farko allura ta faɗi zuwa wajen 64, lokacin da daɓen ke zamewa daga ƙarƙashin ƙafa, lokacin da ake jin kamar hanji ya taso. Tsakiya 70. Wurin tsayawa ta haye 76, gwiwoyi su ji kamar an ɗora wa mutum kaya. Mai cewa sikelinsa ya zare wurin tsayawa ya riƙa kallo, shi ya sa ya ga sauƙi a hawa, nauyi a sauka.

Yanzu a buɗe takardun hasashe. Gani ya kori ji.

Maimaita hawa da sauka sau uku aƙalla. In an tsayar da ku a hanya, jefar da wannan zagayen, ko ka ajiye shi gefe don kwatanta gajeriyar tafiya da doguwa.

Mataki na 7: Fitar da lambobi daga bidiyo

Zauna wuri guda, buɗe bidiyon, ka riƙa jan sa a hankali da yatsa. A kowane zagaye rubuta lambobi shida ɗin nan.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar wuri mafi nisa da allura ta taɓa. Sifirin yana da wuce gona da iri: in aka danna shi ba zato, yakan zarce ya dawo. Kana iya ganin allura ta taɓa 79 na ƙiftawar ido, ta dawo 74, sannan ta riƙa kaɗawa a kusa da 76. Tsakiyar kaɗawar ita ce lambarka, ba 79 ba. Haɗa na zagaye uku ka raba uku.

Mataki na 8: Lissafa sauyin gudu

Abin da ya faɗo daga sama, in ba a kula da iska ba, gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Wannan 9.8 ita ce ma'aunin jan duniya, kuma da ita aka tsara lambobin da ke fuskar sikelinka. Lissafin taku uku ne:

Cire nauyin tsaye daga abin da allura ta nuna: 76 a cire 70, saura 6.
Raba da nauyin tsaye: 6 a raba 70, ya ba da 0.086.
Ninka da 9.8: ya ba da 0.84.

Ma'ana, a lokacin tashi, gudun liftar yana ƙaruwa da mita 0.84 a sakan cikin kowane sakan. Na wurin tsayawa haka ake yi: 64 a cire 70 ya ba da 6 ta ƙasa, amsar 0.84 ce amma ta nufi ƙasa. Mai sikelin kicin da ya ɗora gram 1000 zai ga wajen 1086 da 914 a wannan liftar, lissafin kuma bai canza ba.

Ga gajeriyar hanya ta riƙewa a ka: duk ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan nauyin tsaye daidai yake da sauyin gudu na kusan 1. Liftocin ɗaukar mutane a nan kusa suke zama, wasu ƙasa da 1, wasu sama kaɗan, domin abin da jiki ke ɗauka ke nan ba tare da damuwa ba. In lissafinka ya ba ka 3 ko 4, ba lifta ba ce, ko dai gwiwa ta lanƙwashe ko ka ɗauki zarcewar sifirin.

Hattara: da nauyin tsaye ake rabawa kullum. Ɗalibai da yawa na raba 6 da 76, amsar ta fito kusa amma ba daidai ba, su kasa gane dalilin da ya sa ta hawa da ta sauka suka ƙi jituwa.

Wanda ke son amsar a ma'aunin ƙarfi, wato Newton, ya ninka abin da sikeli ya nuna da 9.8: a tsaye 686, wurin tashi kusan 745, wurin tsayawa a sama kusan 627. Jan da duniya ke wa mutumin yana nan 686 a duk tafiyar. Turin daɓe ne ke hawa da sauka.

Ana yawan tambayata a daidai nan: to in igiya ta tsinke fa? Sa 9.8 ta ƙasa a lissafin ka gani, allura sifili za ta nuna, domin mutum da sikeli tare suke faɗowa, babu mai danna wani. A takarda ke nan. A zahiri lifta igiyoyi da dama ke riƙe da ita, kuma akwai na'urar da ke lura da gudu, wadda ke sa birki ya damƙi dogon ƙarfen da lifta ke bi da zarar gudun ya wuce ƙa'ida.

Mataki na 9: Gano gudun liftar, ka binciki kanka

Wannan matakin ya fi sauran cin lokaci, amma shi ke nuna ko aikinka na da kyau. Gudu shi ne sauyin gudu a ninka da tsawon lokacin da aka yi ana sauyin. Matsalar ita ce lifta ba ta fizgar mutum farat ɗaya. A hankali take shiga, a hankali take fita, shi ya sa allura ke hawa da gangara maimakon tsalle guda. In ka ninka 0.84 da duk lokacin da allura ta bar 70, amsar za ta yi yawa.

Dabarar ita ce rabi da rabi. Nemi inda allura ta kai rabin hanya tana hawa, wato 73, ka nemi inda ta sake wuce 73 tana dawowa. Lokacin da ke tsakani shi za ka yi aiki da shi. Yawancin wayoyi na ɗaukar hoto 30 a kowane sakan, don haka in manhajarka na barin ka matsa hoto ɗaya-ɗaya, ƙirga su. A ce ka samu 57: a raba 30, sakan 1.9 ke nan. Ninka da 0.84, gudun ya kama kusan mita 1.6 a sakan.

Hattara: duba saitin kyamararka tukuna. In 60 take ɗauka a sakan kai kuma ka raba da 30, ka ninka gudun liftar sau biyu a takarda.

Yanzu bincike ta wata hanya dabam, wadda ba ruwanta da sikeli. Fita ka je matakalar bene, auna tsayin taki ɗaya, ƙirga yawan takun da ke tsakanin hawa biyu. Taki 20 masu santimita 17.5 sun ba da mita 3.5. Koma ga muryar abokinka a bidiyo, auna lokaci daga "hawa na uku" zuwa "hawa na bakwai". Hawa huɗu, mita 14. In sakan 8.8 aka yi, gudun ya kama 1.6. Amsoshin biyu ba za su zo daidai tsaf ba. In tazararsu ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, da irin kayan nan, ka yi ƙoƙari. Kada ka sa hawan ƙasa a wannan awon, domin sau da yawa ya fi sauran tsayi, kuma a nan lifta ba ta gama ɗaukar gudu ba.

Akwai bincike na uku da ba ya buƙatar komai. Daga tsaye kuka fara, a tsaye kuka ƙare, saboda haka gudun da aka ɗauka wurin tashi dole shi aka zubar wurin tsayawa. Yi lissafin rabi da rabi a ɓangaren 64. In ya ba ka 1.6 ko kusa, madalla. In birkin ya fi taushi, allura ba za ta faɗi sosai ba amma za ta daɗe a ƙasa, ninkin ya fito ɗaya.

Daga nan za ka gane abin da ke ba mutane mamaki game da dogayen gine-gine. Liftocin Burj Khalifa da ke Dubai suna kai mita 10 a sakan, fiye da ninki shida na wadda muka auna. Wannan ba ya nufin allura za ta yi tsalle ninki shida. Da sauyin gudu na 1, sakan 10 ake buƙata a kai wannan gudun: allura ta hau kusan inda tamu ta hau, sai dai ta daɗe a can.

Mataki na 10: Maimaita da waya kaɗai

A cikin kusan kowace wayar zamani akwai ɗan abin da ke jin motsi, shi ne ke juya hoto idan ka kwantar da wayar. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi, da ke fito da karatunsa a zane. Zaɓi awon sauyin gudu wanda ya haɗa da jan duniya, kwantar da wayar a daɓe fuskarta na kallon sama, manne gefenta da salatif, danna farawa. Layin da ke auna sama da ƙasa zai zauna kusa da 9.8, ya hau wajen 10.6 wurin tashi, ya dawo, ya faɗi wajen 9.0 wurin tsayawa. Tudu ɗaya, fili, kwari ɗaya. A sauka kwarin ne ke fara zuwa.

In wayarka a tsaye 9.7 ko 9.9 take nunawa, kada ka damu, cire lambar tata ta tsaye maimakon 9.8. Manhajar tana da wani sashe na musamman don lifta wanda ke auna tsayi da matsin iska, tunda matsin na raguwa yayin da ake hawa, amma sai wayar da ke da ma'aunin matsin iska, ba kowace ke da shi ba. Toshewar kunne da ake ji a dogon gini ma daga wannan matsin take, ba ta da alaƙa da nauyi.

Hattara: kada ka riƙe wayar a hannu. Rawar hannu kaɗai ta isa ta binne abin da kake nema. Kada kuma a taka ƙafa kusa da ita.

In kana da waya biyu, yi duka a tafiya guda, ɗaya na kallon allura, ɗaya na kwance a daɓe. In an samu mizanin nan mai faranti biyu da muka ajiye, shigo da shi a zagaye na ƙarshe, daidaita shi, ku hau. Allura na kaiwa da komowa, shi ko a jikinsa.

In sakamakon ya zo da wata siffa

Ba kowace lifta ke ba da tudu da kwari masu kyan gani ba. Tsofaffi da yawa gudu biyu gare su: suna rage gudu da ƙarfi tun kafin su isa, su yi jan ciki na ɗan lokaci, sannan birki ya kama da 'yar girgiza. A bidiyo za ka ga faɗuwa biyu, babba da ƙarama, da ɗan fili a tsakani. Haɗa gudun da aka zubar a duka biyun kafin ka kwatanta da na tashi. Wadda ake turawa da matsin mai daga ƙasa, irin ta gajerun gine-gine, tafiyarta a hankali ce, allura na iya motsa kilo biyu ko uku kawai. A nan waya ta fi sikeli amfani. In allura ta ƙi komawa 70 a tsakiyar tafiya, tana tsayawa a 71 ko 69, kafin ka zargi lifta ka duba sikelin: tsohon sifirin yana cijewa. Sauke mutumin, ƙwanƙwasa gefen sikelin da yatsa, duba sifili, sake ɗaukar nauyin tsaye, sannan ku sake zagayen daga hawan ƙasa.